Tafiya Tchibarakaten Neman Zinariya: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Bar Gida

Ɗan'uwa mai karatu, idan kana zaune a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Katsina ko Sakkwato, da wuya a ce ba ka taɓa jin sunan Tchibarakaten ba. Wataƙila wani saurayin unguwarku ya tafi can, ya dawo ya sayi babur ko ya gina ɗaki. Wataƙila kuma akwai wanda ya tafi, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An shirya wannan bayani domin mai niyyar tafiya, da kuma iyayensa da matarsa da za su zauna jiran dawowarsa. Abin da muke so ka riƙe shi ne: yawancin abubuwan da ke ceton ran matafiyi a wannan hanya, tun kafin mota ta bar Arlit ake shirya su. In an shiga hamada, gyara ya yi wuya.

Ina ne Tchibarakaten?

Tchibarakaten wurin haƙar zinariya ne a jihar Agadas, a can ƙarshen arewacin Nijar, dab da iyakar Aljeriya. Daga Agadas zuwa Arlit akwai kimanin kilomita 240 a kan hanyar da ake kira hanyar yuraniyom. Daga Arlit kuma sai a nufi arewa maso gabas, kimanin kilomita 400, babu kwalta, sai rairayi da duwatsu.

Kafin shekarar 2014 babu gari a wurin. A watan Afrilu na wannan shekara aka gano zinariya a Jado, can gabashin jihar, mutane suka yi ta kwarara daga Nijar, Cadi, Sudan, Libiya da Najeriya. Cikin shekarar nan kuma aka gano ta Tchibarakaten. Amma zinariyar wuraren biyu ba iri ɗaya ba ce. A Jado ana samun ta kusa da saman ƙasa da na'urar gano ƙarfe. A Tchibarakaten kuwa tana cikin jijiyar dutse, sai an haƙa rami mai zurfi, an fasa dutsen, an niƙa shi, kana a fitar da ita. Wannan bambanci yana da muhimmanci gare ka. Ma'anarsa ita ce mutum ɗaya da diga da sa'arsa ba ya iya aikin. Sai mai jari, mai injin da abinci da ruwa, shi yake ɗaukar ma'aikata. Kai da za ka je da ƙarfinka kaɗai, a ƙarƙashin wani za ka yi aiki.

Me ya sa mutane suke ƙara tafiya?

Dalilai huɗu suka haɗu.

Na farko, a farkon 2017 gwamnati ta rufe wurin haƙa na Jado. Da yawa daga cikin waɗanda aka kora suka juya zuwa Tchibarakaten da wasu wurare a duwatsun Abzin.

Na biyu, aikin yuraniyom, wanda shi ya kafa Arlit da Akokan, ya ja baya. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma a 1978. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da waɗanda suke aiki a hannun ƴan kwangila. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Nijar da kamfanin Orano na Faransa, har a watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Duk lokacin da albashi ya ragu a Arlit, mai shago da direba da mai sayar da abinci sukan ji a jikinsu, sai ido ya koma kan zinariya.

Na uku, dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure ta raba direbobi da yawa na Agadas da sana'arsu, wasunsu suka koma jigilar masu haƙa da kayansu. An soke wannan doka a watan Nuwamba 2023, amma hanyar zinariya ta riga ta kafu.

Na huɗu, farashin zinariya ya tashi ƙwarai a kasuwar duniya. A 2020 awo ɗaya, wato kimanin giram 31, ya haye dalar Amurka 2,000. A 2025 ya haye 3,000, kafin ƙarshen shekarar kuma ya haye 4,000.

To, amma ka lura da abu guda. Tashin farashi a kasuwar duniya ba ya ƙara yawan zinariyar da ke cikin ramin da aka sa ka. Abin da yake ƙarawa shi ne yawan mutane, tsadar ruwa da abinci, da kwaɗayin ɓarayi. Labarin wanda ya samu shi ne yake zagaya gari. Wanda ya dawo hannu rabbana ba ya son a ji labarinsa. Saboda haka kada ka yi lissafinka da labarin mutum ɗaya.

Ruwa shi ne abu na farko

A wannan hanya ƙishirwa ta fi ɗan fashi saurin kisa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata da yara ne, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare. A 2017 ma wasu mutane 44 sun mutu haka a hanyar Agadas zuwa Dirku. Waɗannan ba masu neman zinariya ba ne, amma hamadar ɗaya ce, kuma motocin iri ɗaya ne.

Don haka:

- Kada ka shiga motar da za ta tafi ita kaɗai. Ka nemi wadda take cikin ayari. In akwai ayari mai rakiyar sojoji, ka jira shi, ko da zai ci maka kwanaki.
- Ka duba motar da idonka: tana da tayoyin safiya? Tana da tankin ruwa da isasshen mai? Direban ya san hanya, ko kuwa karonsa na farko ke nan?
- Ka tambaya ko akwai wayar tauraron ɗan'adam, irin Thuraya, a cikin ayarin. Wayar hannu ta kullum ba ta da amfani a mafi yawan hanyar.
- Ka riƙe jarkar ruwanka ta kanka. Mutumin da ke cikin zafin hamada yana iya buƙatar lita 8 zuwa 10 a rana. Ka ɗauki ruwan da zai ishe ka ninkin kwanakin da direba ya ce za a yi.
- In mota ta lalace, ka zauna kusa da ita. Ka yi inuwa, ka rage motsi da rana. Masu nema sukan ga mota daga nesa, amma da wuya su ga mutum ɗaya yana tafiya a ƙasa.

Daga Afrilu zuwa Satumba zafi yakan haye digiri 40 da rana. A Disamba da Janairu kuma sanyin dare yana da tsanani. Bargo da rawani ba kayan ado ba ne a can: rawani yana kare ka daga rana da ƙura, bargo yana kare ka daga sanyi.

A Tchibarakaten kanta ma da mota ake kawo ruwa daga nesa, saye ake yi. Kafin ka amince da kowane aiki, ka tambaya wa zai biya kuɗin ruwan shanka.

Ka koyi alamun rashin ruwa a jiki: ciwon kai, jiri, fitsari kaɗan mai duhu, bushewar baki. Ga wanda ya galabaita ko yake zawo, a haɗa lita 1 na ruwa mai tsabta da ƙananan cokula 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. In mutum ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a nemi ma'aikacin lafiya ba da jinkiri ba.

Ƴan fashi da iyakar ƙasa

Hanyar da zinariya take bi, ɓarayi ma suna bin ta. An sha tare motoci tsakanin wuraren haƙa da Arlit da Agadas, kuma masu dawowa aka fi hari, domin an san su ne suke ɗauke da abu. Kada ka faɗa wa kowa abin da ka samu ko ranar da za ka taso. Kada ka tara kuɗi a jikinka. Akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da ƴan Nijar suka saba da su. Duk inda ka iske ofishinsu, ka tura abin da ka samu gida kaɗan kaɗan. In ƙaddara ta sa aka tare ku, kada ka yi gardama da mai bindiga. Dukiya ana sake samunta.

Ka guji barin hanyar da motoci suka saba bi. A lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 an dasa nakiyoyi a wasu sassan arewacin jihar Agadas. Direban da ya ce zai yanke hanya don sauri, ku taru ku hana shi.

Batun iyaka ma yana buƙatar hankali. A can babu katanga, babu allo, dutsen Nijar da na Aljeriya kamanninsu ɗaya. Wasu masu haƙa sukan tsallaka da dare, domin an ce dutsen can ya fi albarka. Sojojin Aljeriya suna kama masu yin haka, su ƙwace motoci da injuna, wasu su ƙare a kurkuku. Baƙin da Aljeriya take korowa kuma, sau da yawa ana sauke su a hamada kimanin kilomita 15 daga Asamaka, su ƙarasa da ƙafa. In mai gidanka ya ce ku tsallaka, ka tuna cewa kai za a kama, shi yana zaune a rumfarsa.

Haka kuma, a wurin haƙa za ka zauna da Buzaye, Tubawa, Larabawa, Zabarmawa, Hausawa da mutanen Cadi da Sudan. Ƙaramar rigima tana iya zama ta ƙabila cikin sa'a guda. A watan Mayu 2022, a Kuri Bugudi da ke arewacin Cadi, faɗan masu haƙar zinariya ya ci rayuka kusan 100. Ka nemi shugaban mutanen yankinku tun ranar da ka sauka, ka gabatar da kanka. In saɓani ya taso, ka kai wa shugabanni ko jami'an tsaro.

Cikin rami

Ramukan suna da zurfi da ƙunci, da igiya ake sauka. Haɗurra uku suka fi yawa.

*Ruftawa.* A watan Nuwamba 2021 ramukan zinariya sun rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, mutane aƙalla 18 suka rasu. Rami yakan rufta in an haƙa shi kusa da wani, ko an cire ginshiƙin dutsen da ke riƙe da sama saboda an ga zinariya a jikinsa. In ka ga tsaga a bango, ko ƙasa tana zubowa, ka fita.

*Iska mai guba.* Janareto da injin jan ruwa suna fitar da wata iska wadda ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kashe mutum a wuri rufaffe. Kada a sauke injin cikin rami, kada kuma a ajiye shi a bakin rami inda hayaƙinsa zai gangara. Bayan an fasa dutse da nakiya, a jira hayaƙi ya fita sarai. In abokin aikinka ya faɗi a ƙasan rami, kada ka sauka haka kawai don ceto shi, domin abin da ya kayar da shi zai kayar da kai. A tura iska tukuna, mai sauka kuma a ɗaura masa igiya a ƙugu.

*Faɗuwa da faɗowar dutse.* Ka duba igiya kowace safiya. Ka sa hular kwano da takalmi rufaffe. Kullum a bar mutum ɗaya a sama.

Wasu suna shan ƙwayoyi irin su tramadol don su jure aiki. Ƙwaya tana ɓoye gajiya, ba ta kawar da ita. Tana kawo farfaɗiya, tana kama mutum har ya kasa bari, kuma tana cinye kuɗin da ya je nema. Wanda ya sha ƙwaya bai kamata ya riƙe wa wani igiya ba.

Cutar da take bin mutum har gida

Akwai haɗarin da ba a ganinsa sai bayan shekaru. Ƙurar dutsen da ake fasawa da niƙawa tana shiga huhu ta zauna. A hankali huhu yakan taurare, numfashi ya yi wuya, kuma wannan ciwo ba ya warkewa. Yana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka. Rawani yana rage ƙura, amma bai kai abin rufe hanci na aikin ƙura ba. Ka sayi naka a Agadas ko Arlit. Inda hali ya yi, a jiƙa dutse kafin a niƙa. In ka yi tari fiye da mako 2, ko kana rama, ko kana gumin dare, ka je asibiti a gwada majinarka. Tarin fuka yana warkewa in an sha magani har ƙarshe.

Zaiba, wadda ake kama zinariya da ita, guba ce. Lokacin da ake ƙona ta don a raba ta da zinariya, tururinta yana shiga jiki, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kawo rawar hannu da mantuwa. Saboda haɗarinta ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da ita. Kada ka ƙona zaiba cikin ɗaki ko rumfa, kada ka tsaya inda iska take kai tururin, kada ka yi amfani da kwanon abinci wajen wannan aiki.

Kada kuma ka kawo dutsen zinariya gida don a niƙa. A 2010, a ƙauyukan jihar Zamfara ta Najeriya, yara kimanin 400 sun mutu saboda gubar dalma da ke cikin dutsen da ake niƙawa a tsakar gida. Tufafin aikinka ma ka wanke su kafin ka rungumi ƴaƴanka.

A ƙarshe, wurin da maza suka taru nesa da iyalansu, cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, har da ƙanjamau, sukan yaɗu. Ka kame kanka. Wanda bai kame ba ya yi amfani da kwaroron roba, ya kuma yi gwajin jini kafin ya koma wa matarsa.

Yarjejeniya da bashi

A mafi yawan ramuka ba albashi ake biya ba. Mai rami yana ba da abinci, ruwa da kayan aiki. In an samu zinariya, sai ya cire abin da ya kashe, kana a raba sauran. In ba a samu ba, watanninka sun tafi. Wani lokaci ma kuɗin motar da ta kawo ka yakan zama bashi a wuyanka, ka kasa tafiya sai ka biya.

Kafin ka ɗauki diga, ka yi waɗannan tambayoyi a gaban shaidu biyu:

1. Kashi nawa ne na ma'aikata, kuma mu nawa ne za mu raba?
2. Me da me za a cire kafin rabo?
3. Wa zai kasance a wurin lokacin niƙa da awo?
4. In na yi ciwo ko rauni, wa zai kai ni asibiti?
5. In na so tafiya kafin a samu, akwai bashi a kaina?

A nan karatunka zai yi maka rana. Ka riƙe ɗan littafi da alƙalami. Ka rubuta ranar da ka fara aiki, yawan buhunan dutsen da kuka fitar, duk kuɗin da ka karɓa, da nauyin da ma'auni ya nuna. Ka koyi karanta lambobin giram kafin ka tafi. Wanda yake rubutawa ya fi wuyar cuta.

Abu mafi muhimmanci shi ne kuɗin komowa. Ka ware su tun daga gida, ka ɗinke su a tufafinka ko ka ba amintacce a Arlit ajiya, kada ka taɓa su. Mutumin da yake da kuɗin mota yana iya cewa a'a ga rami mai haɗari da mai gida azzalumi. Wanda ba shi da su, duk abin da aka ce masa sai ya yi. Kada kuma ka sayar da gona ko ka jinginar da ita don wannan tafiya. In ba ka samu ba, gonar ce za ka dawo wa.

Takardu da kayan tafiya

Akwai shingayen jami'an tsaro da yawa a hanyar Tawa, Agadas da Arlit. Ɗan Nijar ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa. Ɗan wata ƙasa ya riƙe fasfo ko takardar tafiya mai kyau da katin allurar rigakafi. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu 2025, saboda haka baƙo ya tambayi ƙa'idar shiga da zama a ofishin iyaka kafin ya wuce, kada ya dogara da abin da ya sani a da. Haƙar ma'adinai ma tana da izininta. Ka tambayi ofishin ma'adinai a Agadas ko Arlit abin da ake buƙata, da kuma ko wurin da za ka yana buɗe, domin hukuma takan rufe wurin haƙa kamar yadda ta yi a Jado.

Cikin jakarka a samu: jarka, rawani, bargo, takalmi rufaffe, tocila, abin rufe hanci, sukari da gishiri, maganin ciwon kai, bandeji, da abinci mai jure tafiya kamar garin rogo, ƙuli-ƙuli da dabino. Ka rubuta sunanka, garinku da lambar wayar wani ɗan'uwanka a takarda, ka sa a aljihu. Kowace safiya ka kaɗe takalminka saboda kunama. Mai ciwon suga, hawan jini, asma ko farfaɗiya ya sani cewa babban asibiti yana nesa ƙwarai; wannan aiki bai dace da shi ba.

Ga iyalin da suka rage a gida

Iyaye da mata, ku ma kuna da aiki. Ku san sunan direba, lambar mota, sunan mai ramin da wanda ya raka ɗanku. Ku yanke da shi lokacin da zai riƙa kira. In lokacin ya wuce da kwanaki ba labari, ku sanar da jandarmomi da shugaban mutanen yankinku a Arlit, kada ku yi ta jira. Kada ku bar yaron da bai kai shekara 18 ba ya tafi. Aikin rami yana cikin ayyukan da doka ta hana yara. Kuma wanda ya dawo bai samu ba, ku karɓe shi hannu biyu. Tsoron gori yana sa samari su zauna a ramin da ya kamata su bari tun tuni.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mutum nawa ka sani da suka tafi neman zinariya? Nawa suka samu, nawa suka dawo da bashi ko ciwo?
2. In mutum yana shan lita 8 a rana, lita nawa zai ɗauka don tafiyar kwana 2, in ya ninka saboda lalacewar mota?
3. Waɗanne tambayoyi za ka yi wa mai rami kafin ka fara aiki? Rubuta uku a littafinka.
4. Kuɗin da za a kashe wajen wannan tafiya, wace sana'a za su iya kafawa a garinku?